A Barazil Kada Ka Ba Teku Baya

Aziziyya, Jidda.

Da sunan Allah, Mai rahama, Mai jinƙai.

Zuwa ga Abba, mai sunan mahaifina,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Gaisuwa mai yawa da addu'a. Allah ya sa wannan takarda ta same ka lafiya, ko a kujerar jirgi ka buɗe ta, ko sai ka sauka Barazil ka huta. Allah ya tsare gabanka da bayanka, ya haɗa ka da mutanen kirki, ya sauƙaƙa maka baƙunta.

Na san da Larabci na rubuta da ka fi saurin karantawa. Da gangan na yi da Hausa. Ka bi ta a hankali. Inda ka kakare ka karanta da ƙarfi, domin kunnenka ya fi idonka jin Hausa. Ka san halina. Abin da zan cika shafi da shi a littafin da nake rubutu kullum, in aka ce in faɗa da baki sai in tsaya ina gyaran murya. Tun ranar da aka yi maka hurujin ƙarshe, wato bizar fita ba dawowa, nake neman bakin magana da kai, ban samu ba. A garin nan aka haife ka, a nan aka haife ni, amma shekarunka sun wuce na zama a kan iƙamata, wato takardar zamana, kafilin da zai tsaya maka kuma bai samu ba. Daga ranar da ka fita, ba za ka sake shiga Jidda ba sai da bizar baƙo ko ta mai Umara. Wannan na haɗiye shi, ko in ce ina kan haɗiyewa.

Ba yunwa nake ji maka tsoro ba. Aikin yankan kaji aiki ne na halal, kuma kana da hannu. Tsorona shi ne ka ɓace mini a can. Duk abin da na koya maka na garin nan ne, kuma a makonnin nan na gano cewa wasu daga ciki a can juye suke. Gara in gaya maka inda na yi kuskure da kaina, kafin ka je ka yi aiki da shi.

Tun kafin a haife ka nake aiki a ɗakin sanyi a Madinar Masana'antu ta nan Jidda, ina karɓar katan-katan na kaji ina jerawa. Kusan kowane katan da sunan Barazil a jikinsa. Ban taɓa tambayar kaina ina take ba. Na san ƙasa ce, wa bai san ta da ƙwallo ba? Amma a raina tana manne da Amurka, mutum ya hau mota ya shiga. Shi ya sa ranar da labari ya zo an ɗauke ka, na fito daga sallar La'asar na ce wa jama'a Abba zai tafi wajen Amurka. Washegari Ammi Ɗayyib, maƙwabcinmu Bahaushen Sudan, ya hau bene da ƙyar da ƙullin kilishi da turaren wuta, ya ce ka miƙa wa ɗan ƙanwarsa da ke Amurka. Na karɓa, har na ce masa ba komai, abu mai sauƙi.

Ƙanwarka Suhaila ce ta ɗauko taswirar makarantarsu ta shimfiɗa a kan tabarma. Ta ce, "Abuya, sa yatsanka nan, inda Abba zai zauna. To, ga inda ɗan ƙanwar Ammi yake. Yalla, hau motar mu gani." Tsakaninsu ya ninka nisan nan zuwa Kano, ga daji, ga teku, ga ƙasashe jere. Da kaina na mayar wa Ammi Ɗayyib ƙullinsa. Ya dube ni ya ce, "Abu Harun, ashe kai ma ba ka san inda kake tura yaron ba." Da wasa ya faɗa, amma har yau maganar tana cina.

To, ka ji. Kada ka amsa wa mutum abin da ba ka duba ba, ko da kunya ta kama ka. "Ban sani ba, bari in tambaya" ba ta rage wa kowa daraja.

Ban daddara ba. Na shiga kantin littattafai a nan Aziziyya na ce a ba ni littafin koyon yaren Amurka ta Kudu. Mai kanti ya miƙo, na biya, na kawo maka cikin leda ina jin na yi abin kirki. Ka juya shi gaba da baya, sannan ka ce, "Abuya, shukran, amma wannan na Sifen ne. Su yaren Fotugal suke yi." Ka sa shi a akwatinka duk da haka don kada in ji kunya. Na gani. Ka bar shi a ciki, zai yi maka amfani da maƙwabta.

Daga ranar na zauna na koyi abin da ya kamata in koya tun ina sakandare. Suhaila tana karantowa, ina rubutawa. Ga abin da na fahimta, in na kuskure ka gyara idan ka je. Nahiya ce guda, mai faɗi a sama, tana tsukewa tana yin ƙasa har ta ƙare kamar jelar kifi can inda ƙanƙara take. Duwatsu masu tsawo sun bi gefenta na yamma tun daga sama har ƙasa. A arewa akwai kogin Amazon da dajinsa. Da can akwai mutanen ƙasar da daulolinsu da garuruwansu a kan duwatsu. Sai sarakunan Turawa biyu, na Sifen da na Fotugal, suka ja layi a kan takarda suka raba ƙasar da yawancinta ba su ma taka ba tukuna. Ɓangaren gabas ya faɗa wa Fotugal, shi ne Barazil, kuma ita kaɗai ta kusa cinye rabin nahiyar. Ɓangaren Sifen kuwa, da suka ƙwaci kansu, sai ya rarrabu: Ajantina, Chili, Peru, Bolibiya, Faragwai, Kolombiya da sauransu. A can sama akwai wasu ƙanana, ɗaya tana Turanci, ɗaya yaren Holan, ɗaya kuma har yau a hannun Faransa take.

Ba don ka haddace na rubuta maka wannan ba. Don ka san cewa kowace tana da ciwonta. Bolibiya ta taɓa samun bakin teku, Chili ta ƙwace shi a yaƙi, kuma an ce har gobe ba su huce ba. Faragwai, wadda iyakarta ba ta da nisa da jihar Parana inda za ka zauna, ta taɓa gwabzawa da maƙwabtanta uku a lokaci guda, har da Barazil, aka kashe mata maza ba iyaka. Mutanenta da yawa suna da yarensu na asali ban da na Turawa. Za ka tsaya kafaɗa da kafaɗa da irin waɗannan a wurin aiki.

Ni na taɓa taka wannan wurin. Ka san Samir, wanda ya yi maka hanyar aikin nan, ɗan Barazil da kakanninsa suka tashi daga Lebanon. Zuwansa na farko duba ɗakunan sanyinmu, muna shan shayi, na so in ja shi da hira. Na ce masa, "Ku da 'yan Ajantina ai duk ɗaya kuke." Ya ajiye kofi. Da Larabcinsa na Sham ya ce, "Ya Abu Harun, in na ce kai da ɗan Senegal da ɗan Mali duk ɗaya ne, Takruni kawai, yaya za ka ji?" Na san yadda zan ji. Tun ina yaro nake jin kalmar nan da ake kiran duk ɗan Afirka ta Yamma da ita, a layi da makaranta, daga bakin mutanen da ba su damu su san garin ubana ba. Ashe ni ma abin da nake yi wa wasu ke nan. Ya yi dariya daga baya, muka zama abokai, amma ba kowa ne Samir ba.

Saboda haka ka tambayi mutum daga ina yake, ka riƙe amsar. Kada ka yi wasa da ƙasar kowa, ko da ka ji su suna yi wa juna. Rigar ƙwallon nan taka ta Ajantina mai shuɗi da fari kuwa, na cire ta daga akwatinka tun shekaranjiya. Tana cikin durowata. Ka yi haƙuri.

Su ma za su tambaye ka daga ina kake. Na daɗe ina tunanin amsar da za ka ba su. Fasfonka na Najeriya ne, ƙasar da sau ɗaya ka taɓa gani, haihuwarka kuma a ƙasar da ta yi maka huruji. Ban samo maka gajeriyar amsa ba. Ka ba su doguwar. Ka ce kai Bahaushe ne haifaffen Jidda, kakanka ya zo aikin Hajji. Wanda ya gaji da sauraro, dama ba abokinka ba ne.

Sai maganar sanyi. Da Ummanka take haɗa maka kaya na ga ta sa rigunan sanyi, na ce ta fitar, nauyi ne kawai. Wata na shida ake ciki, a nan ko ƙofar mota ba ta taɓuwa da rana, kuma kudu za ka. Ba ta ko ɗago kai ba. Ta ce, "Abu Harun, kai da ka tashi aika kilishi Amurka ta hanyar Barazil, kai ne za ka gaya mini yanayin can?" Na kira Samir don ya raba mu. Ya ce yanzu ne tsakiyar sanyinsu, a kudancin ƙasar har raɓa takan daskare a kan ciyawa da safe, zafinsu kuma sai ƙarshen shekara. Ummanka ta ƙara bargo a kai, ta rufe akwatin. Da ta yi magana ma da ya fi mini sauƙi.

Sanyi na san shi, ko da ban san na Allah ba, na san na inji. Farkon shigata ɗakin sanyi ina saurayi, nakan cire safar hannu don in fi saurin aiki, manya suna hana ni ina ganin tsufa ne ke damunsu. Ka ga yadda yatsuna biyu na dama ba sa lanƙwasuwa da safe sai na sa su a ruwan ɗumi. Kai kuma wuƙa za ka riƙe. Hannun da ya yi sanyi ba ya jin inda kaifi yake. Duk abin kariya da suka ba ka ka sa, ko ana yi maka dariya. In ka gaji har bisimilla ta fara fita daga bakinka ba tare da zuciyarka ba, ka nemi a canje ka. Kajin nan wasunsu hannuna za su zo, daga nan su shiga tukwanen mutanen da suka yarda da abin da aka rubuta a jikin katan.

Akwai abin da Suhaila ta karanto wanda ya hana ni sakewa. Ba kai ne Bahaushe na farko da zai taka Barazil ba. An kai namu can a cikin jiragen bayi, da yawa, musamman wani yanki na bakin teku da ake kira Bahiya. Musulmi ne, wasu da karatunsu, suna rubuta Larabci, suna salla a ɓoye, har sun sha yin bore. Na ce mata, to jikokinsu fa? Ta ce suna nan mana, sun zama 'yan ƙasa. Na ce, suna jin Hausa? Ta duba, ta duba, ta girgiza kai.

Su da ƙarfi aka raba su da harshensu, ba su da laifi. Ni ba wanda ya tilasta ni. Mahaifina, mai sunanka, yana yaro iyayensa suka taso da shi daga ƙasar Kano, wani wuri a ƙasa, wani wuri a bayan babbar mota, suka ratsa Chadi da Sudan, suna tsayawa suna noma suna ƙara gaba, har suka haye teku. Har ya rasu yana cewa in an kwana biyu za mu koma. Da Hausa yake mini magana, da ita nake amsawa. Amma da ka fara makaranta ka dawo gida da Larabci, sai na bi ka. Ka yi Larabci, in amsa da Larabci, saboda ya fi sauri, kuma ina so ka fi ni shiga cikin mutane. Ban ga ranar da abin ya juya ba. Na dai wayi gari ina da ɗa mai jin duk abin da na faɗa, amma in zai amsa sai ya yi ta lalube.

Ba zan ce ka gyara abin da na ɓata ba. Abu ɗaya nake roƙo. Kowace Juma'a ka aiko wa Ummanka saƙon murya da Hausa. Ko ta karye, ko Suhaila za ta yi ta maimaita shi tana dariya, ka aiko. Ka gaya mata abin da ka ci da wanda ka gani. In kalma ta ɓace maka kada ka tsallake zuwa Larabci, ka tambaye ta.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami tun farko.

Kana tuna Kornish, bakin tekun nan, lokacin kana ƙarami? Mukan je da yamma, jama'a duk sun zuba wa teku ido rana tana faɗawa cikinsa. Da an kira Magariba sai kowa ya juya, a shimfiɗa darduma. Ka taɓa tambayata yadda aka yi kowa ya san inda zai kalla ba tare da masallaci ba. Na dafa kanka na ce, "Duk inda ka samu kanka a duniya, ka ba teku baya, ka samu alƙibla." Haka na ce, a duniya. Na maimaita maka shi ba sau ɗaya ba, har ya zama abin da kake gaya wa yaran maƙwabta.

Makon jiya ina ɗaki na ji Ummanka tana tambayarka yadda za ka gane alƙibla a can. Ka ce, "Basiɗa, Umma, abu mai sauƙi, in ba teku baya, halas." Kuka yi dariya. Ni ban yi ba, domin ban gane ko wasa kake ko da gaske ba. Na fito in yi magana, na tsaya a bakin ƙofa, na koma.

Abba, abin da na koya maka na Jidda ne kaɗai. A nan teku yana yamma, Makka tana gabas. A Barazil teku yana gabas. In ka ba shi baya, Ka'aba ka ba baya. Garin da za ka zauna ma yana can cikin ƙasa, ba za ka ga teku ba, amma ka sa a ranka yana wajen fitowar rana, kuma can za ka fuskanta, ka ɗan karkata hagu wajen arewa. Inuwa ma kada ka yarda da ita yadda ka saba. A can da tsakar rana, rana ta arewa take bi, inuwarka ta faɗi kudu. Na san za ka ce waya tana nunawa. Tana nunawa, amma waya takan mutu, kuma ba na jin za a bar ka da ita a wurin yanka. Ranar da ka isa, kafin ka kwance akwati, ka tambayi Musulmin da ka tarar, ka gwada da wayar, in sun dace ka yi alama a bangon ɗakinka. A wurin aiki ma ka tambaya ina aka fuskantar da layin yankan. Kada ka ɗauka, ka tambaya.

Taswirar takarda ba ta gamsar da ni ba, sai na sa Suhaila ta aro ƙwallon duniya daga makarantarsu. Na ciro zare daga keken ɗinkin Ummanka. Tana kallona ta ce, "Yau kuma duniyar za ka ɗinke?" Na ce ta riƙe mini bakin zaren a kan garinku. Ta riƙe. Na ja ɗaya bakin zuwa Makka har ya miƙe.

Ga inda ya bi. Ya fita daga Barazil ya haye babban teku. Ya sauka a gaɓar Najeriya, ya ratsa ta, ya shiga Chadi, ya bi ta Sudan, kusa da hanyar da aka bi da kakanka. Ya haye Bahar Maliya, ya shigo ta kudancin Jidda, wajen da nake aiki, sannan ya isa. Na sake aunawa, domin ka san ban cika yarda da kaina ba. Na ba Suhaila ta auna. Ƙila mun kauce da faɗin yatsa, amma nan ne. Ummanka ta daɗe ba ta ɗage yatsanta daga kan garinku ba.

Na kuma duba bambancin lokaci. A wannan watan, sa'ad da kake tayar da Azahar, ni ina tayar da Magariba. Ba cewa nake ka bi ni salla ba, kada malamai su ji su ce na yi shirme. Ina dai gaya maka inda kowa yake tsaye. Ni ina nan na ba teku baya kamar kullum. Kai kana can ka fuskance shi. Kana bayana ke nan, Abba, kamar yadda kake tsayawa a Kornish kana riƙe da gefen rigata. Muddin ka daidaita fuskarka, na san inda kake, ko ban waiwaya ba.

Allah ya kai ka lafiya, ya zaunar da kai lafiya. Allah ya tsare maka addininka da hannunka da harshenka. Ya sa ka da farin jini a wurin mutanen da ba su san ubanka ba. Ya buɗe maka hanyar zuwa Umara ba da daɗewa ba, mu tarye ka a filin jirgi ko da a matsayin baƙo ne. Ummanka tana sa maka albarka, Suhaila ta ce ɗakinka ya zama nata, Ammi Ɗayyib ya ce kilishin ka ci rabonka a ciki, yana aljihun akwati na gefe.

Na bar ka a hannun Allah, wanda ajiyarsa ba ta ɓata.

Wassalamu alaikum.

Mahaifinka,
Abu Harun